Kafin Ka Kai Kuɗinka Kasuwar Kyamara: Jagora Ga Masu Bidiyon Intanet a Ƙasar Daura

Tun da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka nuna cewa ana iya tara ɗimbin masu kallo a YouTube ba tare da an buga faifai ko ɗaya ba, matasanmu suka farka. Daga cikin garin Daura har Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, da wuya ka shiga unguwa ka rasa mai son buɗe tasha. Wani barkwanci zai yi, wani karatun malaminsa yake son ɗorawa, wata girki ko lalle, wani kuma ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke son ɗaukar biki ya samu na kashewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuskure guda da ake ta maimaitawa. Yaro zai yi adashe, ko ya sayar da ragon da ya yi kiwo, ya bi hanyar Kazaure zuwa Kano, ya dawo da ƙatuwar baƙar kyamara mai cika ido. Sai ranar aiki ya tarar ba ta da ramin makirfo, batirinta ɗaya tal, kuma ko sisin sayen memori bai rage ba. Kyamarar lafiyarta lau, ba don aikinsa aka ƙera ta ba ne kawai.

Ba zan kawo farashi ba, domin dala na motsawa zai tashi. Zan dai faɗi abin da za ka duba, da dalilin dubawar.

Abin da ake bukata

Wanda ya ce zai fara bidiyo, waɗannan yake bukata gaba ɗaya, ba ɗaya daga ciki ba:

- kyamara da lens ɗinta, ko waya mai kyau
- makirfon maƙalawa a riga, da hular da ke tare masa iska
- sanda mai ƙafa uku ta kafa kyamara
- batir biyu ko uku, da caja, da fawa bank
- memori biyu na asali, da na'urar juye su a waya ko kwamfuta
- fitila ɗaya mai caji
- jaka mai zif, robar hura iska, da ƙyallen goge gilashi

1. Fara rubuta aikin, sannan ka nemi kyamarar

Ɗauki takarda ka rubuta bidiyo goma na farko da kake son yi. Za ka ga sun faɗa cikin ɗaya daga gida uku.

Na farko, magana a zaune: hira, karatu, koyar da sana'a, girki. Nan kyamara ba ta motsi, mai magana ma ba ya nisa. Abin da ake nema shi ne sauti mai kyau, allo mai juyowa gaba in kai kaɗai kake aiki, da ɗauka mai tsawo ba tsinkewa.

Na biyu, taro daga nesa: Hawan Magajiya, Sallar Gani, filin Idi na Ƙofar Arewa, karar shanu a Mai'adua ranar Lahadi. Nan ba za a bar ka ka matsa ba, ko kuma matsawar haɗari ce, domin doki a guje bai san mai kyamara ba. Abin da ake nema shi ne lens mai jawo nesa kusa.

Na uku, yawo da gajeren barkwanci na TikTok, Facebook da Instagram, wanda ake ɗauka a tsaye, 9:16, ba a kwance 16:9 irin na YouTube ba. Nan rashin nauyi da rashin rawar hoto ne kan gaba.

Babu kyamara mai sauƙin kuɗi da ta haɗa ukun. Wanda ya ce maka akwai, kayansa yake son kaɗarwa.

2. Gwada wayar da ke aljihunka

In aikinka na gida na uku ne, kada ka sayi kyamara tukuna. Wayoyi da yawa yanzu suna ɗaukar 1080p tsaf in da haske, kuma a cikinsu za ka tace da CapCut ko KineMaster ka ɗora nan take. Sayi makirfo da ƙafa uku, ka yi bidiyon nan goma. In ka gama za ka san ainihin abin da wayar ta gaza: duhun dare ne, nisa ne, ko zafi take ɗauka ta tsaya. Wannan gazawar ita za ta zaɓa maka kyamara. Ka tuna kuma YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Cin bashi a sayi kyamara da sunan YouTube za ta biya ganganci ne.

3. Raba kuɗin tun daga gida

Shawarata, kada kyamara da lens su ci fiye da kashi 60 cikin 100 na abin da ka tanada. Ragowar na makirfo, batir, memori, ƙafa uku da fitila ne, har da kuɗin mota. Ware su daban kafin ka shiga kasuwa, don in ka riƙe kyamarar da ta burge ka, lissafi guduwa yake yi.

4. Duba ramin makirfo kafin komai

A nan zan daɗe, domin nan aka fi faɗuwa. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in bai ji abin da ake faɗa ba, da yatsa ɗaya zai wuce ka. Makirfon da ke jikin kyamara abin da ya fi kusa da shi yake ɗauka: numfashinka, ƙarar lens, janaretan maƙwabta, babur mai wucewa. In kuma hunturu ne, iskar nan ta arewa maso gabas za ta riƙa bugunsa bub-bub har ta binne maganar. Magani shi ne makirfo ya je kusa da bakin mai magana, kamar taƙi ɗaya, kuma hakan ba zai yiwu ba sai kyamara na da rami mai faɗin milimita 3.5 da aka rubuta MIC a gefensa.

Buɗe robobin gefen kyamarar da hannunka ka gani. Kada ka yarda da "ai duk suna da shi". Canon 1200D, 1300D, 2000D da 4000D ba su da shi. Nikon D3400 da D3500 ba su da shi. Sony a6000, duk da kyan hotonta, ba ta da wannan ramin. Su ne kuma suka fi yawa a hannun masu sayar da na hannu, saboda sun fi araha, kuma ga mai hoton fasfo ko na biki ba su da laifi.

Akwai tarko a cikin sunaye. Canon ɗin da aka kawo daga Amurka sunan Rebel take ɗauke da shi, kuma harafi ɗaya kan raba mai amfani da marar amfani. Rebel T7 ita ce 2000D, ba ramin makirfo, allonta a manne. Rebel T7i ita ce 800D, tana da rami, allonta na juyawa, fokas ɗinta na bin fuska. Haka T6 da T6i. In an ce maka "T7 ce", karanta jikin da idonka ka ga ko akwai ɗan ƙaramin harafin nan a ƙarshe.

Makirfon farawa ba sai mai tsada ba. Boya BY-M1 yana da igiya mita 6, yana aiki da ƙaramin batir LR44, kuma yana da makunni da ake turawa gefen kyamara ko gefen waya. Da yawa sukan manta da makunnin nan, su dawo gida da bidiyon da baki ke motsi ba murya. Marasa igiya sun fi daɗin aiki a waje, amma tabbatar na kyamara ne, domin masu arahar da suka cika kasuwa bakin caji na waya kawai suke shiga. In kyamarar na bari a saita ƙarfin sauti da hannu, saita shi ta yadda alamar sautin ba za ta riƙa wuce -12 ba in ana magana. A wurin hawa kuwa rage shi sosai: kakaki da tambari da harbin 'yan bindiga kan fasa sautin da aka bari a sama, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa a wurin tacewa.

5. Kada manyan lambobi su ruɗe ka

Bidiyon 1080p ɗigo 1,920 ne a kwance, 1,080 a tsaye, wato megafiksel 2 da ɗan ɗoriya. Na 4K kuwa 8 da 'yan kai. Saboda haka megafiksel 18 ko 24 da aka rubuta a kwali zancen hoton tsaye ne, bai ƙara wa bidiyonka komai ba. Abin da ke kawo tsabtar hoto, musamman da magariba ko a cikin zaure, shi ne girman sensa da buɗewar lens.

Daga nan za ka gane 'yan kyamarorin nan marasa sunan kamfani, masu sheƙi, da ake tallatawa a intanet an rubuta musu 4K da 48MP a farashin ƙaramar waya. Sensarsu 'yar mitsitsiya ce, hoton busa shi ake yi ya kumbura. Wayarka ta fi su. Arha ba ta ado.

Ko 4K na gaske ma, yi lissafi tukuna. Kyamarar da ke ɗaukarsa a megabit 100 cikin daƙiƙa tana cin megabait 750 a minti ɗaya, memori mai giga 64 ba zai kai awa ɗaya da rabi ba. Tsohuwar waya ko kwamfuta za ta riƙa sarƙewa wajen tacewa. Ga kuma data: YouTube ta ba da shawarar a ɗora 1080p a megabit 8, wato bidiyon minti 10 zai ci kamar megabait 600, na 4K kuwa ya ninka haka fiye da sau huɗu. Masu kallonka a Baure ko Zango, kai har na Kano, a waya suke kallo suna tattalin data, yawancinsu ba sa kai ingancin hoton ko 720. A ganina 1080p mai tsabta ya ishi mai farawa shekaru.

6. Zaɓi daga cikin waɗanda aka sani

Ga mai ƙaramin ƙarfi, Canon 600D ta 2011 da 700D ta 2013 suna da ramin makirfo da allo mai juyawa, batirinsu LP-E8 ba ya wuyar samu, masu gyaransu ma suna da yawa. Amma ka san aibinsu. Ita 600D ba ta bin mutum da fokas in tana ɗauka, sai ka saita da hannu, kuma tana tsayawa da kanta in fayil ya kai giga 4, wato wajen minti 12. Ita 700D tana bi, amma da nawa. Nikon D5300 ma tana cikin wannan sahun.

In aljihu ya ɗan fi haka nauyi, nemi Canon mai fasahar Dual Pixel, wadda ta fara fitowa a 70D a 2013: 200D, 800D, 80D ko M50. Fokas ɗinsu na kama fuska ya riƙe, abin da mai ɗaukar kansa da kansa ya fi bukata ke nan. Ita 80D har da ramin saka abin sauraro a kunne. M50 ƙarama ce mai daɗin riƙo, sai dai Canon ta daina ƙera wannan jerin, lens ɗinta zai riƙa ƙaranci. Panasonic G7 ta 2015 tana ba da 4K a farashi mai sauƙi, amma fokas ɗinta na yawan kai-komo.

Sauran Canon ɗin nan duk suna katse ɗauka a minti 29 da daƙiƙa 59. Ga mai barkwanci wannan ba komai ba ne. Ga mai ɗaukar tafsirin azumi ko wa'azin da ke wuce awa guda kuwa babbar matsala ce, don dole wani ya tsaya a kai yana sake dannawa, kuma ana iya rasa jimla a tsakiyar aya. Sony a6400 ta 2019 da ZV-E10 ta 2021 ba su da wannan iyakar, kuma ZV-E10 na iya shan wuta daga fawa bank tana cikin aiki. Sun fi tsada, amma in karatu ne sana'arka, gara ka ƙara haƙuri ka tara.

Mai hawa da taro, kada ka raina ƙaramar kyamarar tafin hannu irin ta da. Sony CX405 tana jawo abu sau 30 da lens ɗinta, ba ta da nauyi, tana daɗewa tana ɗauka. Ba ta da ramin makirfo kuma hotonta na lalacewa da dare, amma hawa da rana ake yi. In Canon gare ka, lens mai 55-250mm shi zai kawo maka fuskar mahayi da adon dokinsa daga bayan taro, wanda 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara ba zai iya ba. Lura da bambancin jawowa ta lens da ta lissafin na'ura: in an rubuta sau 300 ko 1,000, yanka hoton kawai ake yi a faɗaɗa.

7. Yi la'akari da zafinmu, ƙurarmu da wutarmu

Kusan duk kyamarorin nan an rubuta a littafinsu cewa iyakar zafin da za su yi aiki a ciki digiri 40 ne. A watan Afrilu da Mayu, Daura na haura haka da rana. Baƙar kyamara a kan ƙafa uku a tsakiyar fili za ta nuna alamar zafi ta kashe kanta, ƙananan Sony da masu ɗaukar 4K sun fi saurin yi. Kafa mata lema, janye allon daga jikinta don iska ta ratsa, kashe ta in ba a ɗauka. Sababbin Sony suna da wurin da ake ɗaga iyakar zafin a cikin saitinsu. Kada ka taɓa barin ta cikin mota a rufe.

Ƙurar hunturu kuwa ta fi garin fulawa laushi. Kada ka cire lens a fili, balle a wurin sukuwa. In dole ne, shiga ɗaki ko mota, kifa bakin kyamarar ƙasa, ka sauya da sauri. Fara hure gilashi da robar iska kafin ka goge, don ƙyalle a kan ƙura karce yake yi. Bakin riga ko rawani ba abin goge lens ba ne.

Batun wuta ba sai na faɗa maka ba. Batir ɗaya na irin waɗannan kyamarori da ƙyar yake kai awa biyu ana bidiyo. Nemi caja mai shiga USB, wadda fawa bank ko sola za su iya ɗauka, don kada aikinka ya rataya ga dawowar wuta.

8. Gwada a shago, kada kunya ta hana ka

Yawancin masu saye daga nan Kano suke zuwa, wajen Farm Centre, titin Beirut ko Sabon Gari, wasu kuma su yi oda daga Legas. In da hali ka je da ƙafarka, tare da wanda ya san aikin, ɗauke da memorinka da makirfonka. Kada ka tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda hoton kaya kawai ya nuna maka a WhatsApp.

Ga abin da za ka yi kafin ciniki ya faɗa. Danna ɗauka ka bar ta tana aiki minti 15 zuwa 20 kuna hira, ka ga ko za ta yi zafi ko batir zai zube. Soka makirfo ka motsa kan igiyar a hankali, sannan ka saurara, in ramin ya saki za ka ji ƙaras-ƙaras. Cire lens ka haska shi da fitilar waya ta baya: in ka ga zare-zare kamar saƙa a ciki, fumfuna ce, kayan da suka zauna a ƙasashe masu laima kan zo da ita, ka bar shi. Matse lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, tabon da ke kan sensa zai fito. Rufe lens da murfinsa ka ɗauki duhu, ka duba ko akwai ɗigo ja ko shuɗi da ba ya motsi. Juya allo ta kowane ɓangare, in yana ɗaukewa igiyar cikinsa ta kusa tsinkewa. Duba kuma harshen saitin, domin Sony da aka yi don kasuwar Japan ba ta da Turanci.

Mai kaya zai iya ce maka shota ba ta yi aiki da yawa ba, ya nuna maka ƙaramar lamba. Wannan lissafin hotunan tsaye ne. Kyamarar da ta shekara biyar tana ɗaukar bidiyon biki tana iya nuna lamba kaɗan alhali ta sha wuya. Dubi gogewar maɓallai, da ramin da ake ɗaura ta a ƙafa uku, da kusoshin jikinta ko an taɓa kwance su.

Memori kuwa jabunsa ya yi yawa. Nemi mai alamar U3 ko V30, wato wanda ba ya gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa. Na jabu zai nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai ba, sai bayan an tashi daga ɗaurin aure ka tarar rabin aikin ba ya buɗuwa. Cika shi da bidiyo tun a gida ka buɗe na farko da na ƙarshe, ko ka gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamara, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin da za ka iya mayarwa. Rasit ɗin nan shi zai fitar da kai in wata rana aka ce kayan na sata ne.

9. Saita ta daidai da ƙasarmu kafin fita aiki

Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kyamarar da ta zo daga can a kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa take, shi ya sa za ka ga hoto na ƙyafta ido ko layuka na gangarowa in ka ɗauka ƙarƙashin ƙwan fitila. Shiga saiti ka mayar da ita PAL, hoto 25 a daƙiƙa, shota 1/50. Da rana tsaka wannan saitin zai sa hoto ya yi fari fat ko da ka sauke ISO zuwa 100, don haka sayi baƙin gilashin rage haske, wanda ake kira ND, daidai da bakin lens ɗinka. Na 18-55mm na Canon milimita 58 ne. In ba ka da shi, matsar da mai magana inuwar darbejiya, ko ka jira bayan la'asar.

Sai izni. A ƙofar fada, gai da dogarai ka tambayi inda aka ware wa masu ɗauka, ka tsaya nan. A Kusugu ka fara magana da masu kula da rijiyar. Kada ka ɗaga kyamara a iyakar Kwangwalam ko kowane shingen jami'an tsaro. A wurin biki kuwa, ɓangaren mata sai da yardar masu gida, kuma yardar a ɗauka daban, yardar a ɗora a intanet daban. Tambayi kowacce da bakinka.

Kafin ka karɓi aikin kuɗi na farko, yi gwaji cikakke a gida: ɗauki minti 5 da makirfo, juye a waya, tace, ɗora a YouTube a ɓoye, sannan ka kalla a wata ƙaramar wayar da lasifikarta kawai, a tsakar gida inda yara ke hayaniya. In ba ka ji kowace kalma ba, matso da makirfon kusa da baki ka sake.